Ƙafar roba: tsakanin shawarar ƙwararre da ribar ɗan kasuwa

Sana'ar haɗa gaɓoɓin roba da kayan tallafar gaɓa reshe ce ta kiwon lafiya mai ɓangare biyu. Na farko shi ne ƙera madadin ƙafa ko hannun da aka yanke, na biyu kuma haɗa abin da zai tallafi gaɓar da ta raunana, kamar takalmin ƙarfe na waɗanda shan inna ta taɓa. Abin da ya bambanta ta da sauran ayyukan asibiti shi ne, sau da yawa wanda ya auna majinyaci ya ba shi shawara, shi ne kuma mai sayar masa da kayan. A nan ne muradin majinyaci da na aljihu kan yi karo.

A Najeriya, Hukumar Rajistar Ƙwararrun Farfaɗo da Lafiyar Gaɓoɓi, MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke ba masu wannan sana'a lasisi. Ga mutanen Haɗejia, Auyo, Kirikasamma da Guri, babbar cibiyar da aka fi dosa ita ce Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, tafiyar kusan kilomita 200. Daga cikin abubuwan da ke jawo yanke gaɓa a Arewa akwai hatsarin mota da babur, ciwon suga, da ruɓewar gaɓa sakamakon ɗaurin da wasu masu ɗori kan matse fiye da kima.

Tasirin kasuwa yakan shigo ta hanyoyi da ba a cika lura da su ba: la'adar da dillali ke ba wanda ya turo majinyaci, horon da kamfani ke ɗaukar nauyinsa don ma'aikaci ya saba da kayansa kaɗai, ko fifita gwiwa mai tsada saboda ribarta ta fi tsoka. Manyan kamfanoni irin su Ottobock na Jamus da Össur na Iceland suna ƙera kaya masu inganci, babu jayayya. Tambayar ita ce, wa kayan suka dace da shi?

Manomin shinkafa a fadamar kogin Haɗejia yana wuni cikin ruwa da taɓo, masunci yana hawa kwalekwale, kowannensu yana bukatar tsugunawa da zaman tahiya a salla. Gwiwa mai aiki da batir, wadda ba a gyara ta sai a Legas ko ƙasar waje, za ta iya zame masa kayan ado a ɗaka cikin 'yan watanni. Irin wannan tunani ne ya haifar da ƙafar Jaipur a Indiya a 1968, wadda likita P. K. Sethi da maƙeri Ram Chandra Sharma suka tsara don mai tafiya ba takalmi, mai shiga gonar ruwa. Haka kuma ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, wadda ta fara aiki da asibitin Dala a 2016, tana amfani da roba mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Sai dai araha ma ba hujja ba ce: ƙafar da aka raba kyauta a taron yini guda, ba tare da an daidaita kwarminta da dungun mai ita ba, takan haifar da gyambo, kuma yaro mai girma yana bukatar sauyi a kai a kai.

Matsalar ba ta ƙasashe matalauta ba ce kaɗai. A watan Afrilu na 2019, hukumomin Amurka sun tuhumi mutum 24 da damfarar inshorar lafiya ta sama da dala biliyan ɗaya, inda aka riƙa biyan likitoci su rubuta wa tsofaffi kayan tallafar baya da gwiwa da ba sa bukata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin wannan sana'a a 2017, tare da ƙiyasin cewa mutum ɗaya cikin goma ne kawai ke samun irin waɗannan kayan da yake bukata. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci haka, majinyaci ba shi da zaɓin neman ra'ayi na biyu. Abin da ya rage masa shi ne ya tambayi lasisin mai aikin, ya nemi a nuna masa zaɓi fiye da ɗaya da farashin kowanne, sannan ya san inda za a gyara ƙafar idan ta lalace da kuma wanda zai biya.