Hoton da Ba Ya Zuwa Wurin Wanki: Yadda Polaroid Ta Shiga Cikin Gida

Matasan yau da suka buɗe ido suka ga waya mai kyamara zai yi musu wuya su gane irin haƙurin da hoto yake buƙata a da. Tun daga 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, hanya ɗaya ce: ka ɗauka, ka jira fim ya ƙare, ka kai wurin wanki, ka ƙara jira. Mai wankin kuwa, wanda bai haɗa komai da kai ba, shi zai riga ka ganin matarka da 'ya'yanka da tsakar ɗakinka. Duk mai ɗaukar hoto a gida yana sane da wannan baƙon ido.

A 1943 Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, yana hutu da iyalinsa a garin Santa Fe. Ya ɗauki 'yarsa mai shekara uku hoto, sai ta tambaye shi me ya sa ba za ta gani a take ba. Land ya ce kafin ranar ta faɗi ya riga ya tsara dabarar a ransa. Aiwatarwa ce ta ci shekaru. A Fabrairun 1947 ya nuna wa taron masana a New York, sannan ranar 26 ga Nuwamba, 1948, kantin Jordan Marsh na Boston ya fara sayar da kyamarar Model 95 a kan kusan dala 90. A ranar aka wawashe duk waɗanda aka kawo.

Dabarar ita ce dunƙule ɗakin wanki gaba ɗaya cikin takarda. Kowane hoto yana da ɗan ƙunshin sinadari a gefensa. Idan aka ja takardar, wasu ƙarafa biyu masu mirginawa su matse ƙunshin ya fashe, sinadarin ya bazu. Bayan minti ɗaya a ɓare, ga hoto. Na farko ruwan ƙasa ne, mai launi ya zo a 1963. A 1965 aka fito da Swinger a kan dala 19.95, kuɗin da matashi zai iya tarawa.

Babban sauyi ya zo a 1972 da kyamarar SX-70. Babu sauran ɓarewa, babu duba agogo. Da ka danna, takarda ta fito da kanta, fuskoki su riƙa bayyana sannu a hankali a tafin hannunka, yara da manya sun yi da'ira suna leƙe. Farin faffaɗan gefen da ke ƙasa, wanda a cikinsa ƙunshin sinadarin yake ɓoye, ya zama wurin rubuta suna da kwanan wata.

Daga nan abin da ake ɗauka ya sauya. Tun da babu mai gani sai 'yan gida, kyamara ta kai inda a da ake jin nauyin kai ta: jariri a kwanon wanka, uwa ba kwalliya tana karyawa, tsoho yana gyangyaɗi a kujera, mara lafiya a gadonsa. Ga kuma wani abu. Hoton SX-70 ba shi da nagetif da za a sake wanko wani daga gare shi. Guda ɗaya ne tilo a duniya. Takardar da ke hannunka ita ce ta kasance a ɗakin a wannan lokacin, wanda ke cikinta ma wataƙila ya riƙe ta. In ka ba wani, ka rabu da ita ke nan, in ta ɓata, ta tafi.

Babu inda nauyin wannan ya fito kamar a rayuwar Andrei Tarkovsky, daraktan fina-finai na Tarayyar Sobiyat. Daga 1979 ya riƙa ɗaukar hotunan Polaroid a gidansu na ƙauye a Rasha: matarsa Larisa, ɗansa ƙarami, karensu, hazon safiya a kan fili. A 1982 ya tafi Italiya aikin fim, a 1984 ya sanar cewa ba zai koma ba. Hukumomi suka hana ɗan fita, sai a farkon 1986, lokacin da ciwon daji ya riga ya kama uban. Ya rasu a Paris a Disambar shekarar. Hotunan gidan da bai sake takawa ba suna cikin waɗanda daga baya aka tattara a littafin Instant Light.

A New York kuma, Jamie Livingston ya ɗauki hoto ɗaya kowace rana daga 31 ga Maris, 1979, har zuwa 25 ga Oktoba, 1997, ranar da ya cika shekara 41, kuma ranar da ya rasu. Sama da hotuna dubu shida: abokai, cin abinci, jinya, da aurensa makonni kaɗan kafin ajali.

Kamfanin kansa bai tsira ba. Ya kayar da Kodak a kotu kan satar fasaha, aka biya shi dala miliyan 925 a 1991, amma wuraren wankin awa ɗaya da kyamarar dijital suka ƙwace masa kasuwa. Ya durƙushe a 2001, ya daina yin fim a 2008. Wasu masu kishin abin, ƙarƙashin Florian Kaps da André Bosman, suka karɓi masana'antarsa ta Enschede a Holan, suka sake haɗa sinadarai daga tushe, fim ya dawo kasuwa a 2010. Instax ta Fujifilm, wadda ta fito a 1998, ita ma ta samu karɓuwa wurin 'yan zamanin waya.

Sauri ba shi suke nema ba, don waya ta fi sauri kuma ta fi araha. Hoton waya yana iya zagaye duniya kafin mai shi ya farga, ko ya salwanta tare da dubbai ranar da wayar ta faɗa ruwa. Na Polaroid yana nan inda aka ajiye shi, a cikin akwati ko tsakanin shafukan littafi, yana dusashewa kaɗan-kaɗan, kuma ba ya ganuwa sai ga wanda mai gida ya miƙa wa da hannunsa.