Ranar da Kano ta yi magana da sararin samaniya

1/ Jiya a adaidaita daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, hazo ya rufe gari, na ce wa abokina wani ɗan sama jannati ya taɓa hango ƙurar nan daga sama. Ya ce in daina zuƙi ta malle. To ga zare, ku biyo ni.

2/ A farkon shekarun 1960, hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashoshi a faɗin duniya don bibiyar kumbon shirin Mercury. A Afirka akwai Zanzibar, akwai Kano. Eh, Kanon nan tamu.

3/ Dalili? Kumbon yana zagaye duniya cikin kusan minti 90. Da ya ɓace wa tasha ɗaya, sai wata ta karɓe shi. Aikin ta Kano shi ne magana da matuƙin da karɓar bayanan lafiyarsa da ta kumbon.

4/ Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya zagaye duniya sau 3. Da ya iso samanmu ya ce yana ganin guguwar ƙura, tashar Kano ta amsa masa cewa iska ta yi kwanaki tana kaɗawa. Hunturunmu ne fa, jama'a!

5/ Wancan kumbo kusa yake. Wanda ya nufi Mas fa, ya ake sanin inda yake? Babu alamar hanya a can. Sai aka koma kamar matafiyan Sahara masu bin taurari.

6/ Akwai wasu halittu masu tsananin nisa da ake kira kwasar, suna fitar da igiyar rediyo. Saboda nisansu, kamar a kafe suke. Manyan eriya biyu a nahiyoyi daban sai su saurari kumbo, su juya su saurari kwasar na kusa da shi, a kwatanta bambancin lokacin isowar saƙon. Daga nan a gane wurinsa.

7/ Taswirar waɗannan kwasar ita ce ICRF. Ta farko ta fara aiki a 1998, ta uku a 2019 da tushe sama da 4,500. Eriyoyin NASA masu faɗin mita 70 a Kalifoniya, Madrid da Kanbera da irin wannan taswira suke aiki.

8/ Ga abin da ke min ciwo. Eriyar da NASA ta gina a Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu a 1961, da suka tafi mutanen ƙasar suka riƙe ta, yau tana cikin masu auna taswirar nan. Ghana ma ta mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse na'urar bincike a 2017.

9/ Mu kuwa tasharmu aka rufe, har labarin ya ɓace. Ni a Tarauni na tashi, sai a jami'a na ji shi.

10/ Don Allah wanda kakansa ya yi aiki a wurin, ko yana da hoto a tsohon akwati, ya ajiye mana a ƙasa. Dattawan nan tafiya suke yi.