Shimla: Inda Gwamnati Ke Gudun Zafi

’Yan uwa marubuta, wannan makon mu leƙa Shimla, a duwatsun Himalaya na arewacin Indiya. A 1864 Turawan Ingila suka mayar da garin hedikwatarsu ta bazara. Da zafi ya matsa, sai gwamnati ta kwashe takardunta daga Kalkata ta hau dutse. Jirgin ƙasan Kalka, da aka buɗe a 1903, har yau yana ratsa ramukan dutse fiye da 100. Baƙi na ɗaukar hoto a fadar Gwamna-Janar, ginin 1888. A can taron 1945 ya watse, Congress da Muslim League ba su daidaita ba. Bayan shekara biyu ƙasar ta rabu. In za ka siffanta irin wannan gini, fara binciko abin da aka yanke a ɗakunansa.