Daɗewa a Tafiya da Ciwon Ganin Kai: Nazari a kan Tsofaffin Mabiya a Kudancin Katsina

A garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da wuya mutum ya yi nisa bai ci karo da zawiyar Tijjaniyya, ko halƙar Ƙadiriyya, ko masallacin Izala ba. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978, hankalin manazarta ya fi karkata ga saɓanin da ke tsakanin waɗannan tafiyoyi. Wannan maƙala cikin gida ta leƙa, don ganin abin da daɗewa ke yi wa zuciyar mabiyi. Ra'ayinta shi ne, shekaru sukan naɗa wa son rai rawani, har mai shi ya daina gane shi.

Abin yakan fara ne daga yadda mutum ke kallon kansa. Dattijon da ya shekara talatin yana wazifa yana da mazauninsa kusa da muƙaddami, a bakin farin ƙyallen da ake shimfiɗawa. Ranar da baƙo ya riga shi zama a nan, bakinsa na zikiri, idonsa na kan baƙon. A masallacin Izala ma akwai irinsa, wanda ya sha jifa a farkon da'awa, yanzu kuma yake jin wahalar jiya ta zama takardar mallakar masallaci. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan gururi, wato ruɗin kai, ya kuma sa malamai da masu ibada da sufaye cikin waɗanda ya fi kamawa.

Daga nan sai kare kai. Matashi ya tashi a taro ya ce, "Allah gafarta Malam, ina aka kwana kan kuɗin Maulidi?" ko kuɗin fatun layya. Amsar ba ta wuce, "Yaro, yaushe ka zo? Tun kana goye muke wannan tafiya." An bar maganar lissafi, an koma maganar ladabi. Dalili kuwa shi ne dattijon ya ɗinke mutuncinsa da na tafiyar, don haka duk wanda ya taɓa shi ya taɓa Shehu ko ya taɓa Sunna.

Mataki na ƙarshe shi ne juya mutane. "Shehu ya ce" takan fito daga bakin wanda Shehu bai gaya wa komai ba. A tsorata wannan da tsinkewar albarka, a jefi wancan da bidi'a, a daina amsa sallamar mai tambaya. Rashin tsaro ya ƙara wa abin kaifi. Manomin da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa ya dawo cikin gari, abincinsa da makwancinsa na hannun 'yan'uwan tafiya, yaya zai yi musu da mai rabon tallafi?

Ciwon ba sabo ba ne. A 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Gabas, saboda ganin yadda wasu 'yan Jama'a suka koma neman mulki da dukiya. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Rabuwar Izala gida biyu, Jos da Kaduna, a farkon shekarun 1990 ma ta nuna aƙida ɗaya ba ta hana jayayyar shugabanci.

Za a iya cewa tsofaffin hannu su ne ginshiƙi, in babu su tafiya ta watse. Gaskiya ne, kuma da yawansu masu tawali'u ne. Saboda nauyinsu ne ma ya kamata a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, a kuma bar ƙarami ya nemi hujja ba tare da an ce ya yi fitsara ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.