Yadda Waya Ta Kayar da Haifakiyub

Duk wanda ya taɓa haɗa firosesa masu yawa su yi aiki tare ya san inda gizo ke saƙa: saƙon da ke kai-komo tsakaninsu. Kwamfutar ILLIAC IV ta Jami'ar Illinois ta jera firosesa 64 kamar raga, kowanne yana magana da maƙwabta huɗu. Idan saƙo zai yi nisa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A farkon shekarun 1980 Charles Seitz da Geoffrey Fox na Caltech suka gina Cosmic Cube bisa tsarin da muke kira haifakiyub. Firosesa 64 ne, kowanne da maƙwabta shida, kuma babu saƙon da zai wuce zango shida. Ka ninka na'urar, zango ɗaya kawai ya ƙaru. Lissafin ya burge kowa a fagenmu. Intel ta fito da iPSC a 1985, Danny Hillis kuma ya ɗora Connection Machine mai firosesa 65,536 a kan wannan tsari, har Richard Feynman ya taya shi nazarin hanyar saƙonninta.

Wanda ya juya maganar ɗalibin Seitz ne, William Dally, kuma a ganina aikinsa ne ya fi kowanne amfani. Ya tuna mana cewa waya tana cin wuri a cikin akwati. Haifakiyub na buƙatar dogayen wayoyi birjik, dole kowace hanya ta zama siririya. Shi da malaminsa suka nuna yadda za a yanka saƙo ƙanana-ƙanana, kai ya yi gaba, sauran su biyo shi ba tare da jiran saƙon ya taru a kowane zango ba. Da zango ya yi arha, sai raga mai faffaɗan hanya wadda aka haɗa bakinta da baki ta yi nasara: Cray T3D a 1993, daga baya Blue Gene na IBM.

Charles Leiserson ya bi ta wani gefe da bishiyar da rassanta ke ƙara kauri wajen gindi, wadda Connection Machine samfurin CM-5 ta ɗauka a 1991. A 2008, da kowace na'urar raba saƙo ta iya ɗaukar hanyoyi da yawa, wayar haske kuma ta sauƙaƙa nisa, Dally da abokan aikinsa suka kawo tsarin Dragonfly mai rage zango. Cray ta gina XC30 a kansa a 2012.