Tasirin Launi a kan Riƙe Karatu ga Yara 'Yan Makaranta: Bitar Wasu Bincike-bincike

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar ayyuka huɗu na masana halayyar ɗan Adam domin gano ko launi yana taimaka wa yaro ya riƙe abin da aka koya masa. An gano cewa launi yana da amfani idan ya ware muhimmin abu ko ya dace da zahirin abin da ake nunawa. Idan kuwa ado ne zalla, yakan raba hankalin yaro.

Gabatarwa

Makarantun nasare da firamare na kashe kuɗi a kan fenti da hotunan bango, iyaye ma sukan auna ingancin makaranta da kyawun azuzuwanta. Sai dai ba duk abin da ya ɗauki idon yaro ne yake zama a ƙwaƙwalwarsa ba. Manufar maƙalar ita ce bambance launin da ke ƙarfafa karatu da wanda ke raunana shi.

Dabarun Bincike

An bi hanyar kwatanta sakamakon ayyukan da aka wallafa tsakanin 1933 da 2014, aka lura da shekarun waɗanda aka gwada da kuma aikin da launi ya yi a kowane gwaji.

Sakamakon Bincike

A 1933, Hedwig von Restorff ta nuna a Jamus cewa abin da ya fita daban a cikin jerin abubuwa masu kama da juna ya fi saurin tunuwa. Ke nan jar kalma guda a tsakiyar baƙin rubutu tana da rinjaye, amma rinjayen yana gushewa da zarar kowace kalma ta samu nata launin.

A 2002, Wichmann da Sharpe da Gegenfurtner suka gano cewa mutane sun fi tuna hotunan wurare masu launi a kan baƙi-da-fari da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Da aka sauya wa hotunan launin da ba nasu ba, sai fifikon ya ɓace.

A 2013, Dunlosky da abokan aikinsa suka sa shafa wa layukan littafi launi cikin dabarun karatu masu ƙarancin amfani, nesa da maimaitawa bisa tazara da kuma gwada kai.

Aikin da ya shafi yara kai tsaye shi ne na Fisher da Godwin da Seltman a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2014. An koyar da yara 24 darussan kimiyya a aji mai cike da ado da kuma aji mara ado. A ajin ado hankalinsu ya fi tafiya wani wuri, suka amsa kashi 42 cikin ɗari na tambayoyi daidai, alhali a ɗaya ajin sun kai kashi 55.

Tattaunawa

Launi yana isa ga ƙwaƙwalwa ne ta ƙofar maida hankali, yaro ƙarami kuwa bai gama mallakar hankalinsa ba. Marubuta Alƙur'ani da hannu a ƙasar Hausa sun daɗe a kan tsarin da ke shiryar da hankali ta hanyar launi: baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasulla, rawaya ga hamza. Kowane launi da aikinsa, ba ya kuma sauyawa daga shafi zuwa shafi. Ya kamata a lura cewa gwajin 1933 da na 2002 a kan manya aka yi su, na 2014 kuma yaransa ba su da yawa, don haka akwai buƙatar maimaita irinsa a azuzuwa masu yawan yara.

Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar malami ya taƙaita ga launi biyu ko uku a kan allo, ya ba kowanne ma'ana tabbatacciya, ya kuma bar a bango abin da ya shafi darasin mako kaɗai. Hankalin yaro dukiya ce mai iyaka, haƙƙinsa ne a kashe ta a kan karatu.