Kurakuran Turanci da masu ilimin Faransanci suka fi yi, da yadda ake gyara su

A watan Maris na 2025, gwamnatin mulkin soja ta Jamhuriyar Nijar ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Turancin Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma ƙasar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF.

Buƙatar Turanci a wancan ɓangaren iyaka ta riga wannan mataki. Tun 2013 Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi take koyarwa da Turanci, kuma a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Ɗalibin da ya faro karatu a Damagaram ko Maraɗi, ya kuma nemi ci gaba a Najeriya, yana cin karo da sharaɗi tun daga ƙofa: jami'o'i suna neman kiredit a Turanci, kuma darasin dole ne a jarrabawar JAMB.

Malamin sakandare a Gaya ko Ajingi da aka kawo wa irin wannan ɗalibi zai lura cewa kurakuransa sun bambanta da na sauran 'yan aji. Galibinsu suna da asali sananne, kuma wanda ya san asalin kuskure ya fi saurin gyara shi.

Daga ina kuskuren yake fitowa?

A 1957, masanin harshe ɗan Amurka Robert Lado ya yi bayanin cewa mai koyon sabon harshe yakan kwaso tsarin harshen da ya riga ya sani ya ɗora a kan sabon. Shekara goma bayan haka, a 1967, S. Pit Corder na Jami'ar Edinburgh ya bambanta tsakanin tuntuɓen harshe, wanda mai magana kan gyara da kansa idan an ja hankalinsa, da kuskuren da ke maimaituwa domin mai koyo yana bin wata ƙa'ida da ya ɗauka daidai ce. Nau'i na biyu shi ne ke buƙatar darasi.

Bahaushen da ya yi boko da Faransanci yana zuwa aji da harsuna biyu. Wani kuskuren daga Faransanci kaɗai yake, wani kuma Faransanci da Hausa ne suka taru suka haifar da shi. Akwai kuma wuraren da Hausa ta fi Faransanci kusa da Turanci.

Inda Faransanci kaɗai ke jawo kuskure

Na farko shi ne lokacin aikatau. Faransanci yana cewa "je l'ai vu hier", sai ɗalibi ya rubuta "I have seen him yesterday". Ƙa'idar Turanci ita ce idan an ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar jiya ko bara, ana amfani da shuɗaɗɗen lokaci kai tsaye: "I saw him yesterday".

Na biyu shi ne kalmar "depuis", wadda take ɗaukar ma'ana biyu da Turanci ya raba. "I live in Kano since three years" kuskure ne ta fuska biyu. Daidai shi ne "I have lived in Kano for three years". Ana sa "for" kafin tsawon lokaci, ana sa "since" kafin mafarinsa, kamar "since 2022".

Na uku shi ne sanya "the" a gaban sunan da ake nufin jinsinsa baki ɗaya. "La vie est chère" takan koma "the life is expensive", alhali "life is expensive" ake faɗa.

Na huɗu ya shafi jerin kalmomi. Turanci ba ya son a raba aikatau da karɓau, don haka "he speaks very well English" sai ta koma "he speaks English very well".

Akwai kuma babban baƙi. Faransanci yana rubuta sunayen ranaku da watanni da harsuna da ƙaramin baƙi, Turanci kuwa da babba: "Monday", "July", "French".

Inda Faransanci da Hausa suka haɗu

Waɗannan su ne mafi wuyar kankarewa, domin harsunan ɗalibi biyu suna tabbatar masa cewa yana kan daidai. Faransanci yana cewa "j'ai vingt ans", Hausa tana cewa "ina da shekara ashirin", sai a sami "I have twenty years" a maimakon "I am twenty years old".

Haka batun sana'a. "Il est médecin" da "shi likita ne" duk ba su da ƙaramar kalmar da Turanci ke buƙata, sai ɗalibi ya ce "he is doctor" a wurin "he is a doctor".

Hausa tana da jam'in bayani da na shawara, wato bayanai da shawarwari, Faransanci ma yana da su. A Turanci kuwa "information", "advice", "equipment" da "furniture" ba sa karɓar "s". Wanda ke son nuna guda ɗaya sai ya ce "a piece of advice".

Jinsi ma haka. Mota mace ce a Hausa, mace ce a Faransanci, don haka akan ji "she is broken" game da mota. Turanci yana kiran abu marar rai da "it". Sifa kuma tana yin jam'i a harsunan biyu, kamar "manyan gidaje", amma a Turanci ba ta canzawa: "different countries" ake rubutawa, ba "differents countries" ba.

Inda Hausa ke ceton ɗalibi

A Faransanci, "sa voiture" na iya zama motar namiji ko ta mace, domin kalmar mallaka tana bin jinsin abin da aka mallaka. Wannan ke sa ɗalibi ya rikita "his" da "her". Hausa kuwa tana bin mai abin, kamar Turanci: motarsa ita ce "his car", motarta ita ce "her car".

"Je suis d'accord" ita ke haifar da sanannen kuskuren nan "I am agree". A Hausa "na yarda" aikatau ne, daidai da "I agree".

Faransanci yana amfani da "je mange" ga abin da ake yi yanzu da kuma abin da aka saba yi. Hausa ta raba su: "ina ci" da "nakan ci", kamar yadda Turanci ya raba "I am eating" da "I eat".

Bayan "quand", Faransanci yana sa lokaci mai zuwa, sai ɗalibi ya ce "when I will arrive". Bahaushe ba ya cewa "idan zan iso" a wannan ma'ana, "idan na iso" yake cewa. Turanci ma ba ya sa "will" a wurin: "when I arrive".

Kalmomi masu kama da juna

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka shiga Turanci, wasu kuma ma'anarsu ta sauya. A 1928 Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka kira irin waɗannan kalmomi da "abokan ƙarya". Kama da wane ba ta wane:

"Actuellement" na nufin a halin yanzu, "actually" kuwa a gaskiya.
"Assister à" na nufin halarta, "assist" kuwa taimakawa.
"Librairie" kantin littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu.
"Demander" tambaya ce ko roƙo, "demand" kuwa nema ne da ƙarfi, kuma yana iya ɓata wasiƙar neman aiki.
"Délai" wa'adi ne, "delay" kuwa jinkiri.
"Passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, "pass an exam" kuwa cin ta.

Na ƙarshen nan yana da haɗari a takardar neman gurbin karatu, domin mai nema zai iya iƙirarin cin jarrabawar da zamanta kawai ya yi. Rubutun lambobi ma yana jawo asara: Faransanci yana rubuta ɗaya da rabi 1,5 da waƙafi, Turanci kuwa 1.5 da ɗigo, yana ajiye waƙafi domin dubbai, kamar 1,500. Ɗan kasuwar da ke rubuta rasit tsakanin Maraɗi da Dawanau ya kamata ya kiyaye wannan.

Yadda ake gyara

Malami ya fara da ja layi ƙarƙashin kuskuren ba tare da ya rubuta amsa ba. Idan ɗalibi ya gyara da kansa, tuntuɓe ne, a wuce. Idan ya kasa, sai a sa shi ya faɗi jimlar da Faransanci, ya kuma faɗe ta da Hausa, domin a ga harshen da ya jawo ta. Inda Hausa ta dace da Turanci, a koyar da ƙa'idar ta hanyar Hausa. Inda harsunan biyu suka saɓa wa Turanci, a yawaita maimaici da jimloli cikakku.

Cika takarda da jan biro yana karya gwiwa. Ya fi amfani a ɗauki nau'in kuskure ɗaya a kowane aiki, a fara da waɗanda ke sauya ma'ana, kamar "his" da "her" da kalmomi masu kama da juna, kafin babban baƙi. Ɗalibi kuma ya ware littafi mai layi uku: abin da ya rubuta, abin da ya dace, da harshen da kuskuren ya fito. Kafin ya miƙa kowane rubutu, ya karanta shi sau ɗaya yana neman kurakuran da ke cikin littafin nan kawai.